Baki mai saurin warkewa, me ya hana gyambon Baba rufewa?

Telan Bakin Kasuwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a Katsina, karatuna bai wuce sakandare ba, don haka ku yi haƙuri da yadda zan jero maganar.

Mahaifinmu shekararsa 68, manomi ne a wani ƙauye ta wajen Jibiya. Tun da na buɗe ido na san shi da ɗan gwangwanin taba a aljihun gaban riga. Sigari kam ba ya sha, har faɗa yake da masu sha. Tasa ta ci ce, garin taba haɗe da kanwa. Ya ɗiba da yatsu biyu, ya tura tsakanin leɓen ƙasa da dasashi, kullum ta hagu, ya bar ta har ta salance, ya tofar, ya sake wata. Inna ta ce da ita ta same shi ran da aka kawo ta gidan, kun ga an haura shekara 40 ke nan.

Da kaka, ana tsakiyar yankan gero, ya fara cewa yaji na cin bakinsa. Muka ɗauka zafi ne irin wanda kan feso wa kowa. An yi kurkurar ruwan gishiri, an yi jiƙon bagaruwa, an shafa zuma, ƙanena ya sayo kafso a kemis har kati biyu. Yau wata biyu da rabi, abu na nan. Ranar Juma'a da na je gida na roƙe shi ya buɗe, na ja leɓen, na haska da fitilar waya. Gyambo ne mai faɗin babban maɓallin kwat, gefensa ya tashi ya yi tauri kamar kalmasa, kewaye da shi kuma wani fari-fari kamar an goga allin awo. Na sa tsumma na goge, bai fita ba. Wai ba ya masa ciwo sai in ya ci yaji, shi ya sa ma ya raina shi.

Ranar Litinin na kai shi babban asibiti. Likita ya duba, ya mammatsa, ya ce za a yanki ɗan nama a kai gwaji ranar Talata mai zuwa. Bai ambaci kansa, wato ciwon daji, ba, amma fuskarsa ta ambata.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Ni kusan kullum sai shayi ya ƙona mini harshe. Allura da nake riƙewa a baki in ina aiki ta sha soke mini leɓe. Kwana uku, babu ko tabo. Amma almakashi ya taɓa yanka mini babban yatsa, sai da na yi mako biyu ina fama. Na tambayi likitan dalili, ya ce ƙwayoyin halittar da ke cikin baki saurin rabuwa gare su. Layi ya yi tsawo a bayanmu, ban so in tsare shi ba.

Da muka dawo, ɗan ƙanwar Baba da ke karatun jinya ya ce shi ya karanta cewa kashi biyu cikin uku na kansa rashin sa'a ne kawai, kuskure ne da ke faruwa wajen rabuwar ƙwayoyin nan. Ai kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama. Baba ya ce, "To kun ji da kunnenku. Ƙaddara ce, ku ƙyale mini tabata." Har ya kawo misalin wani amininsa da ya ci taba ya kai shekara 90 da haƙoransa.

Don Allah masu sani, saurin rabuwar ne ke kawo kansar baki? In shi ne, me ya sa ba ta kama mu duka ba, tunda bakin kowa haka yake? Kuma ta yaya abin da ke warkar da baki zai koma shi ke cin baki? Hujja nake nema, don tsohon nan ba a cin shi da hayaniya.

Malamar Bayoloji:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni ba likita ba ce, bayoloji nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Zariya, to zan tsaya a iya gonata.

Shimfiɗar cikin baki hawa-hawa take kamar jerin bulo. Can ƙasa ake haihuwar sababbin ƙwayoyi, ɗaya ta rabu ta zama biyu. Sababbin su turo na samansu, a yi ta hawa, na can sama su baje su yi fele-fele su zube cikin yawu. Duk shekara nakan sa ɗalibaina su kankari cikin kumatunsu da tsinke mai tsabta, su shafa a gilashi, mu ɗiga shuɗin ruwa, mu leƙa a madubin likita. Sai ka ji aji ya kaure, wai kamar soyayyen ƙwai da ɗigo a tsakiya. Waɗannan su ne suka gama aiki suna shirin tafiya.

Daga haihuwa zuwa zubewa, a kumatu, mako 2 zuwa 3 ne. Fatar jiki takan ɗauki wata guda ko fiye. Hanji ya fi kowa gaggawa, kwana 3 zuwa 5. In ka lissafa, shimfiɗar bakin Baba an sake ta fiye da sau 1,000 tun haihuwarsa. Ga jini wadatacce a wurin, ga yawu. Sinadarin farko da aka gano yana zaburar da irin waɗannan ƙwayoyi su rabu ma, a tushen yawun ɓera wani Ba'amurke, Stanley Cohen, ya samo shi, kuma ya ci kyautar Nobel a kansa a 1986. Shi ya sa leɓenka ke riga yatsanka warkewa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kai tela ne, bari in shigo shagonka. A ce an ba ka kwangilar yunifom 200. Ka yanka na farko a kan awo, na biyu ka ɗora shi kan na farko ka yanka, na uku kan na biyu, haka har ƙarshe. Komai ƙwarewarka, na ɗari biyun ba zai yi daidai da na farko ba. Kowace ƙwaya kafin ta rabu sai ta kwafe DNA ɗinta, wato rubutun gadon da ke cikinta, kaf, haruffa kusan biliyan 6. Akwai masu bi suna gyara, kuma gwanaye ne, amma ba a rasa 'yan kurakurai ƙalilan da ke zillewa. Yawancinsu a gefen da ba ya hana sa riga suke faɗawa.

Dabarar da Allah Ya yi wa jiki a nan ita ce, mafi yawan masu rabuwar nan 'yan ci-rani ne. Su rabu sau kaɗan, su hau sama, a tofar da su tare da kuskurensu kafin mako uku. Mazauna dindindin 'yan kaɗan ne a layin ƙasa, mu kira su uwayen ƙwayoyi, kuma su a hankali suke rabuwa. Su ne kwalin awon da ka rataye a ƙusa. In kuskure ya shiga kwali, duk rigar da za a yanka daga baya da shi za ta fito. Kuma kuskure ɗaya ba ya kawo kansa. Sai sun taru, shekara da shekaru, sun lalata birki. Sanannen birkin nan sunansa TP53, aikinsa ya tsayar da ƙwayar da ta lalace ko ya sa ta kashe kanta, kuma a mafi yawan kansar bakin masu taba ana tarar da shi a karye.

Maganar da ɗan'uwanku ya karanta akwai ta, amma ya ɗauko ta ta wutsiya, kuma ba laifinsa ba ne, jaridun duniya ma haka suka ɗauko ta. A watan Janairun 2015 wasu masana biyu na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, Cristian Tomasetti da Bert Vogelstein, suka buga nazari a mujallar Science. Sun jera sassan jiki iri 31, suka gwada yawan rabuwar uwayen ƙwayoyin kowane sashe a tsawon rai da yawan kansar da ke kama shi. Suka ga sashen da ya fi rabuwa ya fi kamuwa, kuma wannan ya bayyana kusan kashi biyu cikin uku na bambancin da ke tsakanin sashe da sashe. Wato amsa ce ga mai tambayar me ya sa kansar babban hanji ta fi ta ƙashi yawa. Ba ta ce komai ba a kan me ya sa bakin wane ya kamu, na wane bai kamu ba. Tun a watan ne hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, da ke birnin Liyon na Faransa, ta fito fili ta ce a yi hattara da wannan fassara ta rashin sa'a.

Hujjar da za ka kai wa Baba mai sauƙi ce. Bakin Ba'indiye da na Bature da na Bahaushe, saurin rabuwarsu ɗaya ne. A 2020 an ƙiyasta mutum kusan 378,000 ne suka kamu da kansar leɓe da baki a duniya, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku a Indiya kaɗai suke, ƙasar da ake yini da taba da kayan tauna a kumatu. Da sa'a ce kawai, ai da ta watsu daidai wa daida.

Taba hannu biyu take sawa. Gubarta na manne wa DNA ta gurɓata haruffa. Sannan ita da kanwa suna cin saman wurin kullum, sai uwayen nan su tashi daga rabuwar a hankali su koma gaggawar cike giɓi. Almakashi ya dushe ke nan, ga Sallah jibi, ga masu kaya tsaye a kanka. Ka fi ni sanin irin ɗinkin da ke fita a daren nan.

Alhaji Mai Goro:

Allah Ya ƙara sauƙi. Ni dai shawarata, kada ku yarda a sa masa ƙarfe. Tun kakanni an san daji ba ya son ƙarfe. Maƙwabcina a wuya abin ya fito masa, yana zaune lafiya da abinsa, aka kai shi aka yanka, bai ƙara wata huɗu ba. A nemi na gargajiya tukuna.

Sannan Malama, kin tsorata ni. Indiyawan nan ai an ce goro suke ci. Ni shekara 30 ina sayar da goro ina ci, fari da ja. Mu ma muna layi ke nan?

Ɗan Mai Wurno:

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni Bahaushen Sudan ne, haifaffen Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da na karanta bayanin gwangwanin Baba sai na ga kamar kawuna ake siffantawa.

Mu can tumbak ake ce mata. Ganyen ana noma shi ne a Darfur ta wajen Fashir, a shanya, a rufe shi ya ruɓa, a niƙa, a kwaɓa da ruwan atrun, wato kanwarmu dai. Ɗan dunƙulen da ake sawa a baki sunansa saffa, kuma mazauninsa shi ne daidai inda Baba ke sa tasa, bayan leɓen ƙasa. Direba, ɗan kasuwa, soja, malamin makaranta, kowa da 'yar ledarsa. Mutane na ganin ta fi sigari mutunci tunda babu hayaƙi, ana iya sa ta a gaban manya ba a sani ba.

Likitocin haƙori na Khartum sun daɗe suna magana a kanta. Tun farkon shekarun 1990 aka kai tumbak ɗakin gwaji, aka tarar gubar da ke jawo kansa a cikinta ta ninka ta garin tabar Suwidin da Amurka wajen sau 100. Kanwar kuma ba don daɗi kawai ake sa ta ba, ita ke buɗe wa nikotin, wato sinadarin da ke cikin taba, hanya ya ratsa fatar baki da sauri, shi ne wannan ɗan jirin da masu ci ke nema.

Abin da na gani da idona shi ne wannan. Kawuna ta dama yake sawa, ta dama ya fito masa. Wani abokin aikinsa a tasha a tsakiya yake sawa, a tsakiyar leɓe ya fito. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, mutanenmu Wad Madani suke kai marasa lafiya, cibiyar kansa ta Jami'ar Jazira. Na yi jinyar kawu a can. In ka zauna a benci cikin maza masu ciwon baki, ba sai ka tambayi mutum inda yake ajiye saffarsa ba, bandejin ya riga ya faɗa maka. In ƙaddara ce kawai ba sababi, to wannan ƙaddara ta san adireshi.

Kawu ya yi shekara guda yana shafe-shafe kafin ya yarda a duba. Allah Ya jiƙansa. Ku da kuke wata biyu da rabi, kada ku bari Talatar nan ta wuce.

Maman Biyu Maraɗi:

Sannunku. Ni ba ta baki na yi ba, ta nono ce, kuma alhamdu lillahi shekara uku ke nan da gama magani a Yamai. Amma saurin rabuwar nan da Malama ta faɗa, ni a jikina na karanta shi.

Ƙarin ruwan nan da mu ke ce ma shimiyo, ku kuna cewa kemo, an yi shi ne ya bi duk ƙwayar da ke rabuwa ya kashe. To ba ya tambayar wace ce ta kansa, wace ce ta gida. In aka sa mini yau, kwana biyar ina lafiya. Wajen kwana na bakwai sai baki ya ɗauka. Gefen harshe, cikin kumatu, bayan leɓe, duk su saluɓe su yi ja. Lokotoro ya ce mini na saman sun zube a kan lokacinsu, na ƙasa kuma da za su maye gurbi magani ya tsayar da su, sai wuri ya zauna tsirara. Gashi ma dalilin zubarsa ke nan. Ko ƙamshin yaji ban iya ji, kunun gyaɗa sai ya huce sarai nake kurɓa da cokali. Abin mamaki, rufin baki da dasashi ba su cika taɓuwa ba, wurare masu laushi ne ke shan wuya.

Amma duk tsananinsa, kafin mako biyu ya rufe, in koma cin tuwo, sai kuma a sake sabon zagaye. Baki da aka zuba ma guba da gangan ya warke cikin mako biyu. Shi ya sa da na ji wata biyu da rabi gabana ya faɗi. Ka gaida Baba da jiki.

Likitan Haƙori:

Malam Tela, sannu da ƙoƙari. Hasken fitilar wayar nan da ka yi, shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci a labarin nan. Malama ta sauƙaƙa mini, zan ɗora daga inda ta tsaya. Ban ga Baba ba, don haka ba zan sa wa ciwonsa suna ba. Tarin fuka kan yi gyambo a baki, wasu cututtukan ma kan yi, karyayyen haƙori kan yi. Gwajin ne zai raba gardama.

Fiye da 9 cikin 10 na kansar baki daga wannan shimfiɗa mai hawa-hawa take tashi. Kuma baki ba iri ɗaya ba ne ko'ina. Ganɗa, wato rufin baki, da dasashi da saman harshe suna da tauri, an yi musu sulke don tauna, ganɗa da dasashi kuma sabuntawarsu ta fi jinkiri. Ƙasan harshe da gefensa da kumatu da bayan leɓe sirara ne, ba sulke, sun fi saurin sabuntawa, abu kuma ya fi saurin ratsa su. Maman Biyu ta ba da shaida. A wurin masu sigari da giya, kansa ta fi fitowa a gefen harshe da ƙasansa, inda yawu ke kwanciya da duk abin da ya narke a cikinsa. Ganɗa ba kasafai ba. Wanda ya tsaya nan sai ya ce to ai saurin rabuwa ne.

Sai ka je gaɓar tekun Andhra Pradesh a Indiya, wajen Srikakulam. Matan masunta a can suna shan wata naɗaɗɗiyar taba da suke kira cutta, amma a juye, wutar a cikin baki. A cikinsu kansar ganɗa ce ta yi yawa, wurin da ya fi ko'ina sulke da jinkiri. Mai ajiye taba a kumatu, a kumatu. Mai saffa, a bayan leɓe, kamar yadda ɗan'uwanmu na Mai Wurno ya gani. Zabiya da manomin da rana ke duka, a leɓen ƙasa ta waje. Rabuwar ƙwayoyi ita ce ƙasar noma, ba a musu, inda ba a rabuwa da wuya kansa ta tsiro. Amma wanda ya zuba irin shi ke zaɓar kunya.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba. Ƙwayar kansa ba lallai ta fi lafiyayya gudu ba. Matsalarta ba ta san tsayawa ba, ba ta girma ta hau sama ta zube. Shi ya sa in an kai naman ɗakin gwaji, likitan ba yawan masu rabuwa kawai yake ƙirgawa ba, yana duba a wane hawa suke. A lafiyayyen baki, a layi ɗaya ko biyu na ƙasa ake rabuwa. In ya ga ana rabuwa a tsakiya ko can sama, siffofin kuma sun karkace, to wuri ya fara lalacewa ko da bai zama kansa ba. In sun fasa dandamalin da ke ƙarƙashinsu sun nutsa cikin tsoka, ta zama. Wani lokaci akan yi amfani da wani rini mai suna Ki-67, wanda aka samo a birnin Kiel na Jamus a 1983, yana fito da duk ƙwayar da ke cikin shirin rabuwa. In ka gan shi a takardar sakamako, ma'anarsa ke nan. Wannan ne kuma amsar tambayarka ta ƙarshe. Gyambo na rufewa ne in ƙwayoyin gefe suka rarrafo cikin tsari suka haɗe, sannan suka tsaya. Waɗanda suka manta tsari sai dai su taru a gefe su yi tudu, tsakiya na ruɓewa. Kalmasar da ka taɓa ke nan, in har ita ce.

Ƙa'idarmu: duk gyambon baki da ya wuce mako 3, ko farin tabo ko ja da ba ya gogewa, a duba shi. Rashin zafi ba alamar sauƙi ba ce, kansar baki da fari shiru take.

Alhaji Mai Goro, Allah Ya jiƙan maƙwabcinka. Amma ka lura, a wuya ka ce ya fito masa. Sau da yawa in abu ya bayyana a wuya, ya daɗe da tashi daga wani wuri ya sauka a kaluluwa. Mutanenmu sai an gama zagaye ake zuwa mana, a yi aiki a makare, mutum ya rasu, a ce ƙarfe ne. Gwajin da za a yi wa Baba allurar kashe zafi ce, a ɗauki abin da bai kai ƙwayar masara ba, ɗinki ɗaya ko biyu, minti 20 an gama, ya koma gida da ƙafarsa. Ba ya watsa ciwo. Inda ake kama ta tana nan wurinta ba ta motsa ba, wajen 8 cikin 10 na haura shekara 5. Da ta sauka a wuya, wannan rabo kan ragu da kusan rabi. Watannin da za a ɓata wajen jiƙe-jiƙe su ne tsakanin biyun.

Goro kuwa, kwantar da hankalinka. Abin da Indiyawa ke tauna sunansa supari, ɗan wata bishiya ce dangin kwakwa, ba ta haɗa komai da goronmu ba sai kamar da Turawa suka gani. Shi IARC ta sa shi a jerin masu jawo kansa tun 2004, ko ba a haɗa shi da taba ba. Goronmu ba ya cikin jerin. Sai dai mai haɗa goro da garin taba, ko tsofaffin mata masu goga fure a haƙori, su sani fure furen taba ne.

Abu na ƙarshe, don Baba. A 1953 wani likitan fiɗa a Shikago, Danely Slaughter, ya duba naman mutum 783 da aka yi wa aikin kansar baki. Ya tarar ba ƙullutun kaɗai ne ya lalace ba, shimfiɗar da ke kewaye, wadda ido ke gani lafiya lau, ita ma ta fara canzawa, kuma a wasu an sami tsiro fiye da ɗaya. Don haka ko an cire wannan, ko ma gwaji ya nuna ba kansa ba ce, sauran wurin ya sha shekara 40 na taba. Barin ta yau yana da amfani, ba a makara ba.

Telan Bakin Kasuwa:

Jama'a, Allah Ya saka da alheri, Ya biya ku. Jiya na rufe shago da la'asar na tafi gida, na karanta wa Baba duka bayan isha'i, Inna na zaune a bakin ƙofa.

Misalin yunifom bai shige shi ba, Malama, ni ya shiga. Matan da ke juya taba wuta a ciki kuwa sai da ya yi dariya har ya riƙe leɓe, ya ce su kuma me ya kai su. Da na zo kan maganar ɗan'uwanmu na Sudan, cewa ƙaddarar ta san adireshi, sai ya yi shiru. Can ya ce to zai mayar da ita dama, hagun ta huta.

Nan na tuna maganar Likita ta ƙarshe, na juya masa ita da yaren gona. Na ce Baba, gonarmu ta bayan rafi da ƙuduji ya kama, in ka tuge wanda ya yi fure, ka gama da shi? Ya ce ina, irinsa na cikin ƙasa, ko'ina yake. Na ce to in aka ci gaba da shuka gero a wurin fa? Bai amsa ba. Ya jima yana juya gwangwanin a hannu, sannan ya miƙa wa Inna, ya ce ta ajiye har sakamako ya fito. Har sakamako ya fito kawai, ya nanata. Da asuba Inna ta ce mini ta ji shi cikin dare yana lalube a aljihun rigar da ya rataye.

Ya yarda da Talata. Alhaji, na gode da kulawa, amma za mu je.

Likita, tambaya ɗaya. Da zan taho na shafa wuyansa kamar yadda na ga an yi a asibiti. Ƙasan muƙamuƙi ta hagu akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa, ba ya zafi. Ban faɗa wa kowa a gida ba. In bari sai Talatar, ko in koma kafin nan?

Likitan Haƙori:

Gyambo mai ƙwayoyin cuta ma kan tayar da kaluluwa, don haka kada ka yanke hukunci kai kaɗai cikin dare. Talata ta yi, kwana huɗu ne. Amma kafin a sa allura ka kama hannun likitan ka ɗora a wurin, ka ce a rubuta a kati, ka tambaya ko za a yi hoton wuya. Ku karya kumallo kafin ku fito, don bayan an yi zai ɗan jima bai ci ba. Ka karɓi lambar gwajin ka adana, kuma ka tambayi ranar da za ka dawo karɓar sakamako da ƙafarka.